Malam Aminu Kano da Joseph Tarka: Me Kujerar Legas Ta Tsinana Musu?

Da Majalisar Wakilai ta tarayya ta fara zama a Legas bayan zaɓen 12 ga Disamba 1959, cikin wakilai 312 akwai 'yan Arewa biyu da duk ƙasar ta san abokin faɗansu ɗaya ne. Malam Aminu Kano na NEPU da Joseph Tarka na UMBC sun kwashe shekaru suna fama da NPC, jam'iyyar Sardauna, da kuma hukumomin En'e da ke riƙe mata ƙasa. Sai ga shi a zauren ba su zauna gefe ɗaya ba. Tarka ya nufi sashen 'yan hamayya, ya zauna bayan Cif Obafemi Awolowo. Malam kuwa a sashen gwamnati ya zauna, bayan Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, har aka ba shi muƙamin mataimakin bulaliyar gwamnati. Dalilin a fili yake. NEPU tana ƙawance da NCNC ta Azikiwe, NCNC kuma ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. UMBC tana ƙawance da AG ta Awolowo, ita kuwa AG an bar ta a waje.

Wannan zama ya saɓa da labarin da aka saba bayarwa a ƙasar Hausa. Abin da aka fi faɗa shi ne Malam ya tsaya a kan aƙida ɗaya har ya koma ga Allah, Tarka kuwa da tafiya ta yi nisa sai ya juya ya shiga NPN, gidan magada NPC, a 1978. Gaskiya ne Tarka ya shiga NPN. Amma kusan shekara 20 kafin nan Malam ya riga shi zama inuwa ɗaya da mutanen Sardauna, a daidai lokacin da magoya bayansa ke cika gidajen yari a Kano da Katsina da Sakkwato. Saboda haka tambayar waye tsayayye waye mai juyawa ba za ta kai mu ko'ina ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: ɗan siyasar da faɗansa na gida ne, me kujerar majalisar ƙasa take ƙara masa, me kuma take rage masa?

Sai an san mecece En'e kafin a gane faɗan. A ɗauki ɗan NEPU a wani gari cikin lardin Kano a shekarun 1950, tela ne ko ɗan koli, yana son a yi lacca ranar kasuwa. Izinin taro a hannun En'e yake. In an hana shi ya yi gaban kansa, ɗan dokan da zai kama shi ma'aikacin En'e ne. Alƙalin da za a kai shi gabansa En'e ce ta naɗa shi, kuma lauya ba ya shiga kotun alƙali. Gidan yarin da za a tura shi na En'e ne. In ya gama wa'adinsa ya fito, mai unguwar da zai yanka masa haraji da hakimin da zai iya hana shi rumfa a kasuwa duk suna nan suna jiransa. Laifin da za a rubuta kuwa ba ya wuce taro ba izini ko zagin sarki. A ƙasar Tibi, kudu da kogin Binuwai, lamarin ya zo da wata siffa. Su Tibi ba su gāji sarauta ɗaya mai iko da kowa ba. Sarautar Tor Tiv a Gboko a shekarun 1940 aka ƙirƙiro ta, zamanin Turawa. Shugabannin dangi da masu karɓar haraji da 'yan kotun gargajiya duk En'e ke ɗora su, ita ke sauke su, kuma da siyasar jam'iyya ta zo sai aka matsa musu su yi wa NPC aiki. Bahaushe ɗan NEPU yana ganin azzalumi a cikin danginsa. Mutumin Tibi yana ganin hannun Kaduna a cikin gidansa.

Dukansu biyun malaman makaranta ne, kuma dukansu sun sha ruwan Bauchi. Malam, wanda aka haifa a 1920 a gidan malamai da alƙalai na Kano, ya koyar a Midil ta Bauchi tare da Tafawa Ɓalewa, a can kuma ya shaƙu da Sa'adu Zungur, kafin ya je Landan karatu ya dawo Maru. Tarka, haihuwar 1932, a Bauchi ya sami horon koyar da kimiyyar karkara. Iyakar kamannin ke nan, domin hanyar da ta kai kowannensu Legas daban ce.

Tarka ya shiga majalisar tarayya a 1954 yana ɗan shekara 22, kamar da wasa. A 1957 ya zama shugaban UMBC, ya halarci taron tsarin mulki a Landan. Malam kuwa sai da ya sha ƙasa sau uku. A 1951 zaɓen hawa-hawa ake yi, NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma dokar zaɓe ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, aka tashi NEPU ba ta da ko kujera ɗaya. A 1954 ya nemi majalisar tarayya, Maitama Sule ya kayar da shi. A 1956 ya nemi majalisar Arewa da ke Kaduna, nan ma bai samu ba. Sai a 1959, da aka yi zaɓe kai tsaye da ƙuri'ar sirri, mutum ya shiga bayan labule ya jefa takardarsa a akwatin tauraro ko na fartanya ba idon dagaci a kansa, sannan ya ci Kano ta Gabas. Maza kaɗai suka yi wannan zaɓe a Arewa. Matan da Malam da Gambo Sawaba ke ta fafutuka a kansu sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 suka sami ƙuri'a.

A lura da wannan: majalisar da Malam ya fi buƙata ita ce ta Kaduna, bai kuwa taɓa zama a cikinta ba. Tsarin mulkin wancan zamani ya bar sha'anin En'e da kotunan alƙalai da ƙasa da sarauta a hannun jihohi, wato a hannun majalisar da ke zama a Lugard Hall. Majalisar Legas tana da ikon tsaro da harkokin waje da kuɗin ƙasa da jiragen ƙasa da gidan waya. Ba ta da ikon sauke hakimi, ba ta da ikon rage haraji ko sisin kwabo, ba ta da ikon hana alƙalin Ringim ko na Bichi ɗaure wanda aka kawo masa. Malam ya zama kamar mai ciwon haƙori da aka ba gado a asibitin ƙashi: gadon na gaske ne, likitocin ma na gaske ne, amma ba mai ikon taɓa inda ke masa ciwo. Hatta Sarkin Kano Sanusi, wanda 'yan NEPU suka fi jin jiki a zamaninsa, ba muhawarar Legas ce ta raba shi da gadonsa a 1963 ba. Gwamnatin Sardauna ce ta sa aka binciki kuɗin En'e ta Kano, ya yi murabus aka kai shi Azare.

Buƙatar Tarka kuwa irin wadda ake iya rubutawa a takarda ɗaya ce a miƙa wa kakakin majalisa: a yanke yankin Tsakiya daga jihar Arewa a ba shi gwamnatinsa. Ƙirƙirar jiha aikin tarayya ne, a Legas ake fara shi. A nan Tarka ya fi Malam dacewa da wurin da ya samu kansa. Sai dai dacewar ba ta haifar masa ɗa mai ido ba. Hukumar Willink da Turawa suka kafa a 1957 don ta saurari koken ƙananan ƙabilu ta ƙi yarda a yi sababbin jihohi kafin 'yancin kai, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki, a wadatu da su. Bayan 1960 kuma sharuɗɗan yanka jiha suka zo da tsauri: kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi, da ƙuri'ar raba gardama. NPC, wadda ta fito daga zaɓen 1959 da kujeru 134 kafin 'yan indifenda su ƙara mata, ba za ta taɓa ɗaga hannu a yanka Arewa ba. Jiha ɗaya tak aka ƙirƙira a Jamhuriya ta Farko, ita ce Tsakiyar Yamma a 1963, kuma daga jikin jihar Yamma aka yanke ta, ƙasar AG, domin hakan ya yi wa masu mulki daɗi. Tarka yana zaune a zauren aka yi wa wasu abin da ya shekara kusan goma yana roƙo.

To, in duk biyun ba su sami biyan buƙata ba, me zaman ya jawo wa kowa?

Na Malam ya fi wuyar sha'ani, kuma a nan nake ganin masoyansa suna saurin wucewa. Aikin bulaliyar gwamnati shi ne ta tabbatar wakilan ɓangaren gwamnati sun hallara, sun kuma jefa ƙuri'a yadda gwamnati ke so. Gwamnatin nan kuwa mataimakin shugaban NPC ke jagorantarta. A yi tunanin ɗan NEPU na Gwarzo ko Funtuwa da ya fito daga jarun, an aske masa kai, gonarsa ta yi ciyawa, ya zauna gindin rediyo ya ji cewa shugabansa na cikin masu tattaro wa gwamnatin NPC ƙuri'u. Me za a gaya masa? Masu kare Malam suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. NEPU kujeru 8 kacal ta samu, ba ita ta ƙulla haɗin gwiwar ba, kuma jam'iyya ce ta talakawa da ke dogara da NCNC wajen kuɗi da motoci da lauyoyi. Ta ɓalle daga ƙawancen ta koma ina? Sannan akwai tsohuwar sanayya tsakanin Malam da Tafawa Ɓalewa tun Bauchi, shi ma Ɓalewa ai shi ne ya tashi a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara. Ana iya fatan kusantar Firayim Minista ta sassauta wa 'yan jam'iyya a gida.

Fatan bai tabbata ba. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 NEPU kujera ɗaya tak ta tsira da ita. Ba zan ɗora wannan faɗuwa kacokan a kan zaman Malam a Legas ba, domin NPC ta riga ta riƙe Kaduna da Legas gaba ɗaya, kuma talaka ya ga cewa wanda ya ƙi ta babu inda zai kai kuka. Amma ruɗanin da ƙawancen ya jefa magoya baya ya taimaka. Abin da kujerar ta ba Malam shi ne suna a faɗin ƙasa da wajenta. Ya shiga tawagar Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan Kudu suka san shi a matsayin ɗan Arewa mai kaifin baki da tsabtar hannu, wanda ake iya zama da shi a yi maganar ƙasa. Wannan suna ya yi masa rana daga baya. Sai dai a shekarun da yake tara shi, jam'iyyarsa tana ramewa a gida.

Tarka bai shiga wannan ruɗani ba. Yana hamayya a Gboko, yana hamayya a Legas, maganarsa ɗaya a ko'ina, kuma AG tana da kuɗi da lauyoyi fiye da duk wata jam'iyyar adawa. Ƙawancen AG da UMBC ya ci kujeru 25 a Arewa a 1959, ya ninka na NEPU sau uku. In ana son a ga irin riƙon da ya yi wa mutanensa, a dubi abin da ya faru a 1961. Ibrahim Imam, Babarbare Musulmi daga Borno, tsohon babban sakataren NPC da ya fice ya koma hamayya, ƙasa ta yi masa zafi a gida. Tarka ya kawo shi ƙasar Tibi ya tsayar da shi takara, mutanen da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, suka zaɓe shi zuwa majalisar Kaduna saboda Tarka ya ce a zaɓe shi. Ban ga wani ɗan siyasar Arewa na lokacin, in ka cire Sardauna, da zai iya yin haka ba. Malam da kansa a mazaɓarsa da kyar yake sha.

Amma kuɗin da aka biya a ɓangaren Tarka da jini aka biya shi. A 1960 ƙasar Tibi ta kama da wuta, aka ƙona gidajen shugabannin dangi da ma'aikatan En'e da duk wanda ake zargi da bin NPC. A 1964 abin ya dawo da muni fiye da na farko, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, har sai da aka tura sojoji. Shi kansa Tarka an haɗa shi da Awolowo a shari'ar cin amanar ƙasa da aka fara a 1962. Kotu ta sallame shi, Awolowo kuwa aka yanke masa shekara 10. Akwai kuma wata asara da ba a cika ambata ba. UMBC da sunan dukan ƙabilun Tsakiya aka kafa ta, Birom da Angas da Idoma da mutanen kudancin Zariya da sauransu, amma wasu jagororin yankin, irin su Fasto David Lot, sun gwammace su daidaita da NPC. Kafin a je ko'ina jam'iyyar ta tsuke ta zama kusan ta Tibi zalla. Ƙarfin Tarka da rauninsa tushensu ɗaya: al'umma guda ce a bayansa, ba ta gudunsa, ba ta kuma ƙaruwa.

Zaɓen 30 ga Disamba 1964 ya auna su biyun a ma'auni ɗaya. Wannan karon suna tare, NEPU da UMBC sun haɗu a ƙawancen NPF ƙarƙashin babbar inuwar UPGA. Zaɓe ne mai cike da rikici, an hana 'yan hamayya da dama ko miƙa takardun takara, ga kuma ƙauracewar da UPGA ta sanar a ƙurarren lokaci. NPC ta kwashe kujeru 162 cikin 167 na Arewa. NPF ta sami 4, dukansu a ƙasar Tibi. Tarka ya koma Legas, Malam ya rasa kujerarsa. Iyakar zamansa a zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki ke nan, shekara biyar.

Daga nan labarin ya ɗauki wata hanya da ya kamata ta sa duk mai son mulkin farar hula ya yi shiru na ɗan lokaci. Abin da suka kasa samu da ƙuri'a da muhawara, soja ya ba su da dokar soja cikin 'yan shekaru. A taron tsarin mulki na Satumbar 1966 a Legas dukansu biyun suna cikin tawagar Arewa, tawagar da ta shiga da ra'ayin sassauta tarayya ta fito tana goyon bayan gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da ƙarin jihohi. Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon, ɗan Angas daga Filato, ya yanka ƙasar gida 12, tsohuwar Arewa ta zama jihohi shida, ciki har da Binuwai-Filato da Kano. Ba hujjojin Tarka ne suka ƙara ƙarfi a 1967 ba. Yaƙi ne ya ƙarato, ana son raba ƙananan ƙabilun Gabas da Ojukwu, kuma 'ya'yan yankin Tsakiya, Tibi a gaba-gaba, su ne suka cika sahun sojojin ƙasa. Maganar da aka yi shekaru ana toshe wa kunne ta zama dole a saurare ta. A wannan tsakanin ne kuma aka karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e aka mayar wa tarayya, aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Telan nan ɗan NEPU da muka bari a hannun ɗan doka, waɗannan su ne abubuwan da aka ɗaure shi a kansu.

Dukansu sun zama kwamishinonin tarayya a gwamnatin Gowon daga 1967, kuma a nan ne sunan da suka yi a majalisa ya biya su, don Gowon 'yan siyasar da ƙasa ta sani yake nema. Malam ya riƙe sadarwa sannan lafiya, Tarka ya riƙe sufuri sannan ya gāji Malam a sadarwa. Fitar ce ta bambanta. A 1974 wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilarsa, Godwin Daboh, ya yi rantsuwa a kotu yana zargin Tarka da almundahana, jaridu suka yi ca, Tarka ya musanta amma ya yi murabus. Malam ya koma gidansa na Gwammaja ba wanda ya nuna shi da yatsa kan dukiyar jama'a. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma duk wanda zai auna mutanen biyu dole ya sa shi a kan sikeli.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 sai suka yi musayar wurin zama. Malam ya halarci tarukan farko na ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN, ya ga inda aka dosa, ya fice ya kafa PRP. Tarka ya zauna, tare da su Makaman Bida Aliyu da Shehu Shagari, jiga-jigan jam'iyyar da ya yi ƙuruciyarsa yana yaƙa. Har ya nemi tikitin shugaban ƙasa a taron Disambar 1978, cikin mutum shida da suka haɗa da Maitama Sule da Adamu Ciroma da Olusola Saraki da Iya Abubakar, Shagari ya yi nasara.

Cin amana ne? A ganina a'a. Tarka jiha ya nema, jiha ta samu a 1967, a 1976 ma Murtala ya ba Binuwai tata ita kaɗai. Kadunan da yake tsoro ta daina mulkin Gboko. Abin da ya rage wa jiha matalauciya mai dogaro da kason tarayya shi ne ta kasance kusa da inda ake rabo, kuma ya sha ɗacin hamayya ya san farashinta. Buƙatarsa tana da ranar ƙarewa, ta kuwa ƙare. Ta Malam ba ta da irin wannan rana. An karɓe ɗan doka daga hannun hakimi, amma talaka bai daina zama talaka ba, kuma sabon mai danne shi yanzu yana sanye da kwat ko babbar riga a ofis. Saboda haka bai ga dalilin ajiye makami ba. Mai yiwuwa kuma darasin 1959 bai bar zuciyarsa ba: ya taɓa zama ƙaramin abokin tafiya a gidan manya, ya ga abin da hakan ya yi wa jam'iyyarsa.

Zaɓen shugaban ƙasa na 1979 ya nuna kowa da jama'arsa. Binuwai ta ba Shagari sama da kashi 75 cikin 100, Kano ta ba Malam sama da kashi 75 cikin 100. Kanon nan ce ta hana Shagari kashi ɗaya cikin huɗu, ya tsaya a ƙasa da kashi 20, har aka shiga shari'ar nan ta ko ya sami wannan kaso a jihohi sha biyu da biyu bisa uku. (Abin dariya, Malam, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da haraji, saura ƙiris hukumar zaɓe ta hana shi takara kan takardun biyan haraji, sai da kotu ta shiga tsakani.) Tarka ya ci kujerar sanata, ya zama shugaban kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa, ɗansa Simeon ya shiga Majalisar Wakilai, Aper Aku na NPN ya zama gwamnan Binuwai. Bai daɗe a kujerar ba, ya rasu a Landan ranar 30 ga Maris 1980 yana da shekara 47. Malam bai nemi majalisa ba wannan karon. PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, da sanatoci 7 da wakilai 49, kuma suna hawa gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali. Abin da kujerar Legas ba ta iya yi ba cikin shekara biyar, kujerar gwamna ta yi shi a farkon hawa. Ba a daɗe ba jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, kuma cikin abubuwan da suka raba su har da tsohuwar tambayar nan: yaya za a yi hulɗa da jam'iyyar da ke mulki a Legas? Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983 ɓarakar ba ta ɗinke ba.

In aikin majalisa ake aunawa, Tarka ne gaba, kuma ba kusa ba. Ya shiga da wuri, mazaɓarsa ba ta taɓa juya masa baya ba, buƙatarsa irin ta zauren ce, ya kuma san lokacin da ake hamayya da lokacin da ake ciniki. In kuwa abin da mutum ya canja a zukatan jama'a ake aunawa, Malam ya yi masa nisa, domin shi ya koya wa talakan ƙasar Hausa cewa yana iya duban hakimi ya ce a'a. Sai dai wannan aiki a dandalin lacca da zauren gidansa da wajen tafsiri ya yi shi. Shekaru biyar ɗin da ya yi yana ɗan majalisar tarayya, yana riƙe da bulalar gwamnatin NPC, su ne mafi ƙarancin amfani ga talakawansa cikin shekaru 33 da ya yi a siyasa.